Wai da gaske maganin sakin tsoka yana narkar da ƙarin jijiya?

Maman Ummi, Daura
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawarar masu sani nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ƙanena ne, shekararsa 24, tela ne a nan Daura. Tun yana jariri akwai tabbai masu ruwan ƙasa a bayansa da cikinsa, mu dai tawadar Allah muke ce musu. Da ya fara balaga sai ƙananan ƙululai suka riƙa fito masa, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar gujiya, masu laushi, ba sa ciwo. Haka mahaifinmu yake da su har Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Shekara uku da suka wuce aka duba shi a asibiti, aka ce sunan abin nurofaibromatosis, wai ƙari ne da ke tsirowa a rigar jijiya, kuma ba a cirewa sai wanda ya dami mutum.

To akwai wani babba can cikin cinyarsa ta hagu, tun ƙarshen damina ya ƙara girma ya yi tauri, yana hana shi barcin dare, har taka keken ɗinki ya fara gagararsa. Sati uku da suka wuce wani ɗan uwanmu ya turo mana saƙon murya a WhatsApp, wani mutum yana bayanin cewa Turawa sun gano maganin sakin tsoka da ake kira baklofen yana tsayar da girman irin wannan ƙarin, amma likitoci ba sa faɗa saboda maganin ba shi da tsada. Muka saya a kemis, yana sha safe da rana da dare. Gaskiya yanzu yana samun barci, yana ma cewa kamar wurin ya saki. Shin akwai wannan binciken da gaske? In akwai, wata nawa ake sha kafin ƙarin ya narke?

Alhaji Lawal Mai Yadi
Wa alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya, ɗiyata. Ni ban san maganin Turawa ba, abu guda zan hwaɗa maki, kada ku bari wanzami ya sa mashi aska. Muna yara a Ƙofar Guga akwai wani maƙwabcinmu mai irin wanga ƙululu a wuyan hannu. Aka ce kitse ne ya taru, aka kira wanzami ya tsaga. Jini ya ƙi tsayawa sai da aka kwashe shi zuwa asibiti, kuma yatsunshi biyu ba su sake moruwa ba har ya mutu.

Shamsu Ɗan Jibiya
Allah ya ƙara sauƙi Anti. Saƙon nan ni ma ya iso ni, guruf uku aka turo shi rana ɗaya.

Kabir Mashi
Maman Ummi, tunda yana jin sauƙi ku ci gaba kawai. Ai gani ya kori ji. Kin ce yana barci, kin ce wurin ya saki, me kuma ake nema? Mutanen nan ba za su taɓa gaya miki maganin ɗari biyar yana aiki ba, sai wanda za ki sayar da gona ki saya.

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
Yaya Maman Ummi sannu da jinya. Aikina kenan harhaɗa magunguna, bari in faɗi abin da baklofen yake yi. A 1962 aka fara haɗa shi a Suwizalan, da niyyar maganin farfaɗiya. Bai yi abin kirki a farfaɗiyar ba, sai aka lura masu sanƙarewar gaɓoɓi suna samun sassauci in sun sha. Har yau aikinsa kenan: wanda ya ji rauni a lakar baya, ko yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ƙafafunsa suka sanƙare, shi ake ba su. A laka da ƙwaƙwalwa yake aiki, yana rage yawan saƙon da ke cewa tsoka ta ɗaure. Kuma yana sa barci, wannan rubuce yake a takardar da ke cikin kwalinsa.

Don haka abu biyun da ƙaninki ya ji duk gaskiya ne. Barci ya zo, naman da ke kewaye da ƙarin ya saki. Shi ƙarin kuwa yana nan inda yake. Babu wata hukumar magunguna a duniya da ta amince da baklofen a matsayin maganin ƙari.

Malam Sada, malamin kimiyya
Kafin a yi nisa, akwai wata matsala ta harshenmu da nake fama da ita a aji kullum. Mu Hausawa komai jijiya ne. Wadda nas ke nema ta ɗebi jini jijiya ce, wadda ke bayan dunduniya da mahauci ke ratayar rago da ita jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa ita ma jijiya ce. Shi ya sa in aka ce wa mutum “maganin sakin jijiya” sai ya ga ai daidai yake da “ƙarin jijiya”, alhali ba hanyarsu ɗaya ba.

Jijiyar da ake magana a nan ita ce mai kai saƙo. Ku ɗauke ta kamar wayar lantarki, tagulla a ciki, roba a waje. Robar nan wasu ƙwayoyin halitta ne suke nannaɗe jijiyar kamar yadda ake naɗa rawani, sunansu ƙwayoyin Schwann, sunan Bajamushen da ya fara bayaninsu, Theodor Schwann. In waɗannan ƙwayoyin suka riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, shi ne ƙarin rigar jijiya. Akwai shuwanoma, wanda ke zama dunƙule guda a gefen jijiya cikin jakarsa. Akwai nurofaibroma, wanda ke cuɗanya da zaren jijiyar kansa, shi ya fi wahalar cirewa ba tare da an yi ɓarna ba. Mai yiwuwa irinsa wanzamin Baba Alhaji ya tsaga. Ita kuma lalurar gidan su Maman Ummi wani likita Bajamushe, von Recklinghausen, ya yi bayaninta tun 1882. Ana samunta a mutum 1 cikin kusan 3,000, ko'ina a duniya.

Kabir Mashi
Malam mun gode da darasi, amma ba a amsa tambayar ba. Akwai binciken ko babu? Hauwa'u, ki ji tsoron Allah ki faɗa.

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
Malam Kabir, ai ba ni da abin ɓoyewa. Akwai abin da aka gina maganar a kansa. A 2004 masu bincike a Milan ta Italiya sun wallafa cewa ƙwayoyin Schwann suna da irin ƙofar da baklofen ke shiga ta cikinta, kuma da suka zuba musu maganin sai saurin hayayyafarsu ya ragu.

Kabir Mashi
To Alhamdu lillahi! Kin ga ni ba ni na faɗa ba.

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
Tsaya in ƙarasa mana. Ƙwayoyin na ɓera ne, ba na mutum ba. Daga jijiya mai lafiya aka ciro su, ba daga ƙari ba. Kuma a cikin ɗan faranti aka raine su a ɗakin gwaji, inda mai bincike zai tsoma su cikin magani kai tsaye gwargwadon yadda ya ga dama. A jikin mutum kuwa, ƙwayar da ya haɗiya sai ta bi ciki, ta shiga jini, ƙoda ta tace mafi yawanta ta fitar a fitsari. Ɗan abin da ya isa cinya ba shi ne abin da aka zuba a faranti ba. In ka ce za ka ƙara yawan maganin don ya kai, mutum zai suma numfashinsa ya yi rauni tun kafin ƙarin ya san ana yi.

A faranti ko ruwan gishiri mai kauri ka zuba wa ƙwayoyin ƙari za su mutu. Shi ya sa ake da matakai: faranti, dabbobi, mutane kaɗan don a ga illa, sannan mutane da yawa a raba su gida biyu, a ba wasu maganin a hana wasu, a auna da hoto. Ko cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan 9 cikin 10 faɗuwa suke yi. Su masu binciken Milan ba su ce sun samo maganin ƙari ba, yadda jijiya ke gina rigarta suke nazari. Mai saƙon muryar ne ya ɗora nasa a kai.

Kabir Mashi
To wa zai biya kuɗin gwajin a jikin mutane, tunda maganin ya tsufa kowa na iya haɗa shi? Kamfani ba zai zuba biliyoyi a abin da ba zai ci riba ba. Ashe kenan ko yana aiki ba za mu taɓa sani ba.

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
Nan kam ka taɓo gaskiya, ba zan yi maka musu ba. Tsofaffin magunguna masu araha ba sa samun masu ɗaukar nauyin gwajinsu kamar sababbi. Amma cewa likitoci suna ɓoye mai arha in ya yi aiki, wannan ban yarda ba. Furofanolol tsohon maganin hawan jini ne, yana cikin mafi araha a shagona. A 2008 likitoci a Bodo ta Faransa suka lura jariran da aka ba shi saboda zuciya, jan ƙarin jini da ke fuskarsu yana motsewa. Ba su ɓoye ba, suka wallafa, aka gwada, yau shi ne maganin farko na wannan ƙarin a duniya. Haka deksametason lokacin korona a 2020, gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ne ya nuna yana rage mutuwar waɗanda ciwon ya tsananta gare su, cikin kwanaki duniya ta ɗauka.

Sannan akwai ɗaya gefen. An taɓa murnar asfirin zai rage girman shuwanomar jijiyar kunne, saboda wani nazarin tsofaffin fayilolin marasa lafiya ya nuna alamar haka. Da wasu suka duba nasu fayilolin ba su ga hakan ba.

Shamsu Ɗan Jibiya
Yau Malam Kabir ya haɗu da gamonsa.

Kabir Mashi
Shamsu ka kiyaye ni. Ni har yanzu ban ga illar a ci gaba da sha ba tunda yaro yana barci.

Dakta Aminu Rimi
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga tiyata na tarar da saƙonni sun haura sittin. Na karanta duka, kuma ina ganin kowa ya tsallake layi guda a rubutun Hajiya Maman Ummi, alhali shi ne ya fi komai nauyi. Ta ce ƙarin yana can cikin cinya, ya ƙara girma cikin 'yan watanni, ya yi tauri, yana hana barci, ƙafar ta fara rauni.

Malam Kabir, ga illar da kake tambaya. Ƙananan ƙululan da ke saman fata, ko sun kai ɗari, ba sa rikiɗewa su zama sankara. Amma manyan da ke can ciki a kan babbar jijiya, su wani lokaci suna rikiɗa. Cikin masu wannan lalura, kashi 8 zuwa 13 cikin 100 suna gamuwa da sankarar rigar jijiya a tsawon rayuwarsu, kuma sau da yawa a shekarun samartaka take zuwa, ba da tsufa ba. Alamomin da muke koya wa marasa lafiya su lura da su huɗu ne: girma da sauri, ciwon da ba ya tafiya musamman da dare, laushi ya koma tauri, da sabon rauni ko mutuwar jiki a gaɓar. Ku koma ku karanta rubutunta.

Hajiya, ban ce sankara ce ba. Ban ga yaron ba, kuma ƙari mara illa ma yana iya girma ya danne jijiya ya yi ciwo. Amma wannan ciwon daren shi ne mai gadin da ke buga ƙofa, maganin da yake sha kuma ya sa mai gadin barci. Wannan sankarar ba ta cika jin maganin ƙona ciwon daji ba, abin da ya fi ba da sa'a shi ne a cire ta gaba ɗaya tun tana ƙarama ba ta bazu zuwa huhu ba. Sati uku sun riga sun tafi.

Abin yi: ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina cikin satin nan, ɓangaren likitocin fiɗa, ku faɗi alamomin nan huɗu da bakinku kamar yadda kika rubuta su. Yana buƙatar hoton MRI na cinyar. In hoton ya nuna abin zargi, za a ɗebi ɗan nama da allura a auna, kuma ya fi kyau wanda zai yi babban aikin shi ya tsara inda allurar za ta bi. In sun ga ya fi ƙarfin nan za su tura ku Kano, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiya. Kada a bari kowa ya “ɗan tsaga ya gani” a ƙaramin asibiti. Maganar Baba Alhaji ba wanzami kaɗai ta shafa ba.

Maman Ummi, Daura
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta jikina ya mutu. Wallahi da hannuna na ba da kuɗin maganin. Yanzu zan je ɗakinsa in kwashe sauran in zuba a masai.

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
A'a Yaya, don Allah kada ki yi haka! Baklofen ba a yanke shi dare ɗaya in an ɗauki makonni ana sha. Jiki ya saba da shi, in aka tsayar kwatsam yana iya kawo ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake rage shi, likita ne zai tsara. Ya ci gaba yadda yake sha, kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, kada ya haɗa da wani maganin barci ko na tari, kada ya hau babur. Ku tafi da kwalin asibiti, ku faɗi guda nawa yake sha da ranar da ya fara. A duba ƙodarsa ma, don in ƙoda ba ta aiki sosai maganin taruwa yake yi a jini.

Kuma ki daina zargin kanki. Mu masu sayarwa mu ya kamata a tambaya, don wannan ba maganin da ake miƙa wa mutum ba takardar likita ba ne.

Sista Rabi, ma'aikaciyar sa barci
Allah ya sa a ji alheri. Ni ina so in ƙara wani abu, tunda in aka ce za a yi masa aiki hannun irinmu zai biyo. Shekarata goma sha ɗaya ina sa barci a tiyata, kuma a wurinmu ne maganin sakin tsoka da ƙarin jijiya suke haɗuwa da gaske, ba a kemis ba.

Namu daban ne da baklofen. Allura ce ta jijiyar jini, tana toshe mahaɗar da ke tsakanin jijiyar saƙo da tsoka, cikin minti ɗaya zuwa uku mutum ba ya iya motsa ko fatar ido, numfashi ma inji ke yi masa. Asalinsa dafin kibiya ne na mafarautan dajin Amazon, kurare. A watan Janairun 1942 wani likita a Montiriyal ta Kanada, Harold Griffith, ya fara amfani da shi a aikin cire afendis. Yau muna da sikolin mai saurin kamawa da saurin saki, da su atrakuriyom da rokuroniyom.

An daɗe ana tsoron masu nurofaibromatosis a kan waɗannan alluran, saboda rahotanni ɗaiɗai da aka rubuta a da, wani ya ce maganin ya daɗe bai saki mara lafiyarsa ba, wani ya ce nasa ƙin kamawa ya yi. Har cikin littattafanmu maganar ta shiga. Da aka tattara fayilolin masu lalurar da aka yi wa aiki a Amurka aka wallafa a 1996, sai aka ga yadda maganin ke kama su bai bambanta da na sauran mutane ba. Kun ga mu ma ma'aikata labarin mutum ɗaya ya taɓa ruɗa mu. Duk da haka muna aunawa, akwai ɗan inji da muke mannawa a wuyan hannu, ya ba da ɗan shokin sau huɗu, mu ƙirga sau nawa babban yatsa ya motsa.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne aikin cire ƙarin kansa. Likitan fiɗa yana so ya raba ƙari da jijiya ba tare da ya yanke ta ba, kuma a ido wani lokaci ba a bambance su. Sai ya riƙa taɓa wurin da ɗan tsinke mai lantarki. In ƙafa ta motsa, jijiya ce mai aiki, ya kauce. A aikin shuwanomar jijiyar kunne har ƙananan allurai ake sokawa a gefen ido da gefen baki, inji ya yi ƙara in an kusanci jijiyar fuska, don kada mutum ya farka da karkataccen baki. To in na cika masa maganin sakin tsoka, likita zai taɓa jijiya tsoka ta yi shiru, ya ɗauka ba komai a wurin, ya yanke. Shi ya sa a irin wannan aikin kaɗan muke bayarwa a farko don a sa bututun numfashi, mu bari ya saki, mu riƙe barcin da wasu magunguna. Akwai kuma masu warware shi, neyostigmin da muka saba da shi, da sugamadeks wanda Turai ta amince da shi a 2008, sai dai shi tsada gare shi.

Yaya Maman Ummi, in an zo ganin mai sa barci ku gaya masa komai: baklofen ɗin, ko muryarsa ta taɓa canzawa ko yana shaƙewa in ya kwanta, don ƙarin kan fito a maƙogwaro, da ko yana da hawan jini. Masu lalurar nan wasunsu suna da wani ƙari a saman ƙoda mai harba jini sama, gara a san da shi kafin a shiga tiyata. In kuma allurar baya za a yi, sai an tabbatar babu ƙari a lakar.

Alhaji Lawal Mai Yadi
Ikon Allah. Dahin kibiya ya koma magani. Namu na maharba da kwankwani aka haɗa shi, shi zuciya yaka tsaidawa. Allah shi yi maki albarka Sista.

Shamsu Ɗan Jibiya
Anti Hauwa'u, wannan sakin tsokar shi ne wanda aka ce yana cikin ƙwayoyin da samari ke sha?

Hauwa'u Famasi, Ƙofar Ƙaura
Wancan karisofrodol ne, ɗan uwansa a suna kawai. Shi ake haɗawa da tafentadol, dangin tiramol. Turai ta dakatar da shi tun tuni saboda yana kama mutum. A Fabrairun 2025 BBC ta fitar da binciken yadda ake shigo da haɗin nan Najeriya da Gana, Indiya kuma ta hana haɗa shi bayan nan. Kada mu kauce daga maganar Yaya dai.

Zainab M.
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba. Ni ina da wannan lalurar, shekarata 31, 'ya'yana biyu. Anti Maman Ummi, abin da zan ce miki ki kula da zuciyar ƙaninki kamar yadda kike kula da cinyarsa. Ba ciwon ne ya fi ci mana rai ba, kallon mutane ne. An ce mini sammu ne, an ce kuturta ce, wata a gidan biki ta janye ɗanta daga jikina. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, na shafa man da ban san sunansa ba. Duk wanda ya turo mana saƙo ya ce ga magani, wallahi ko mun san ƙarya ce sai zuciya ta ce gwada. Don haka kada a yi masa faɗa.

Lokacin cikina na biyu ƙululan suka ƙaru sosai, likita ta ce haka yake yi wa wasu matan. An cire mini guda biyu da ɗan kwali ke gogawa, sauran muna zaune lafiya. Babbar 'yata tana da tabban, ƙaramin ba shi da ko ɗaya.

Alhaji Lawal Mai Yadi
Allah shi saka maki ɗiyata. Amma ni ina ganin auren zumuncin nan namu ne ka jawo irin wanga, kamar sikila.

Malam Sada, malamin kimiyya
Baba Alhaji, a nan kam ba ruwan auren zumunci. Sikila sai uwa da uba duk sun ba da ƙwayar. Wannan kuwa ɗaya ya isa, ko daga Daura ya auro ko daga Legas. Duk cikin da aka ɗauka rabi da rabi ne, kamar yadda ya faru a 'ya'yan Malama Zainab. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom na 17, wato ɗaya daga cikin zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a 1990 aka gano ta, aikinta taka wa hayayyafar ƙwayoyin jiki birki. Kuma kusan rabin masu lalurar ba su gada daga kowa ba, a kansu ta fara. Ba ta yaɗuwa ta taɓawa ko cin abinci tare. Wanda ya ga tabbai shida ko fiye a jikin yaro, ko ɗigo-ɗigo a hammata, ya kai shi a duba, har da idonsa da ƙashin bayansa da awon jininsa.

Kabir Mashi
Dakta, to yanzu duk ilimin nan babu maganin sha ko ɗaya sai wuƙa?

Dakta Aminu Rimi
Akwai, kuma ta hanyar da Hauwa'u ta zayyana ya biyo. Da aka gane wane birki ne ya lalace, sai aka nemi maganin da zai toshe hanyar a gaba. Sunansa selumetinib, ana sayar da shi da sunan Koselugo. An gwada shi a yara 50 masu babban ƙarin da ba ya ciruwa, ana auna girmansa da MRI, kusan biyu cikin uku nasu ya ragu da aƙalla kashi 20 cikin 100, ciwo ma ya ragu. Amurka ta amince da shi a Afrilun 2020. A Fabrairun 2025 ta amince da na biyu, mirdametinib, wanda ya haɗa da manya. Ka lura, ragewa suke yi, ba narkarwa ba. Suna da illa a fata da ciki, ana bibiyar zuciya da ido, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin kusan kowa a nan. Sannan ba maganin wanda ya riga ya rikiɗa ba ne. Shi ya sa a kan yaron nan hoto ne farko.

Kabir Mashi
Ka ga mun dawo maganata ta sayar da gona.

Dakta Aminu Rimi
A kan tsada ba mu da saɓani, Malam Kabir.

Maman Ummi, Daura
Salam jama'a, na dawo da bayani. Shekaranjiya muka yi sammako zuwa Katsina. Na karanta wa likitan alamomi huɗun nan daga wayata, ya danna wurin, yaron ya ce kamar shokin ya tafi har tafin ƙafa. Ya rubuta yadda za a rage baklofen cikin sati biyu, ya ba shi wani maganin ciwon, an ɗebi jini. Ya ba mu takarda zuwa Kano, ranar Talata za a yi hoton, likitan da zai gan shi kuma sai Alhamis. Malama Zainab, na nuna masa rubutunki, ya karanta ya yi shiru, daga baya ya ce in tambaye ki ko cirewar da aka yi miki ta bar tabo. Hajiyarmu ba mu gaya mata komai ba tukuna, mun ce hoto ne kawai.

Damuwata yanzu masauki, kwana uku ne kuma ba mu da kowa a Kano.

Zainab M.
Ɗan tabo ne kamar na shasshawa. Ya turo mini saƙo ta wayarki in yana so, zan nuna masa.

Sista Rabi, ma'aikaciyar sa barci
Injin hoton maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, kuma tela ne. A caje aljihunsa da bakin rigarsa, kada ya shiga da allura ko almakashi. Yana da ƙara, kuma zai kwanta fiye da rabin awa ba motsi, ya sha maganin ciwonsa kafin a shiga.

Kabir Mashi
Maman Ummi, wana yana Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar ƙafa ce zuwa asibitin Malam Aminu Kano, kuma akwai ɗakin baƙi. Na kira shi yanzu, ya ce ku zo. Ni ma Litinin zan shiga Kano ɗauko kaya, in kun iya fitowa tasha da ƙarfe bakwai sai in biyo ta Daura mu wuce ta Kazaure. Ki turo mini lambar maigidanki ta akwatin sirri.